MIZANIN MURIDI A KAKAR ZAƁE: ABIN DA AKE KARANTAWA GAME DA ADDININ ƊAN TAKARA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya keɓanta da sanin abin da ƙiraza suka ɓoye, ya kuma ɗora wa bayinsa yin hukunci da abin da ya bayyana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah ya ƙara yarda ga waliyyansa da malamai magada Annabawa, musamman Sidi Abdulƙadir Jilani, da Shehu Ahmadu Tijjani, da Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda yake kwance a wannan birni mai albarka.

Bayan haka, kakar zaɓe tana da alamominta kamar yadda damina take da nata. Da zarar ta kama, sai a ga hotunan 'yan takara sun cika bangaye, wannan yana sanye da harami, wancan yana riƙe da tasbaha, wani kuma ya durƙusa gaban wani babban malami ana yi masa addu'a. Ziyara zuwa Hubbaren Shehu takan yawaita, haka ma gudummawar gyaran masallatai. A ɗaya gefen kuma sai rubuce-rubuce su fara yawo game da abokin hamayya: wai ba ya salla, wai bai iya Fatiha ba, wai ɗan ƙungiyar asiri ne, wai yana ƙin ɗariƙa, wai maƙiyin Musulunci ne ya turo shi. A da, irin waɗannan maganganu sukan zo ta jarida da kaset da zaman majalisa. Yau suna shigowa ta WhatsApp da Facebook da TikTok, su iske mutum har kan buzunsa, wani lokaci ma tsakanin sallar Magariba da wuridi.

Tambayar da wannan jawabi ya ginu a kanta ita ce: yaya ya kamata muridi ya yi da abin da ya karanta game da addinin mai neman ƙuri'arsa? Amsar a taƙaice ita ce ya tabbatar da labarin kafin ya gaskata, ya bar wa Allah hukuncin zuciya, sannan ya auna abin da ido ke iya gani, wato riƙon amana da adalci da iya aiki.

LABARI SAI DA SALSALA

Babu ɗan ɗariƙar da zai karɓi wuridi daga hannun wanda bai san izininsa ba. Sai ya tambaya wa ya yi masa muƙaddami, shi kuma wancan daga wa ya karɓa, har salsala ta kai ga Shehin ɗariƙa. Malaman Hadisi ma haka suka yi wa zancen da aka jingina wa Manzon Allah (S.A.W.), suka binciki kowane mai ruwaya, gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa. To abin mamaki ne a ce mutumin da aka yi wa tarbiyya a kan salsala shi ne zai karɓi saƙon da ba shi da uwa ba shi da uba, ya tura wa mutum ɗari kafin ya gama karanta shi.

Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umurci muminai da su yi bincike idan wanda ba a amince da shi ba ya kawo labari, don kada su cutar da wasu mutane cikin rashin sani su koma suna nadama. Da yawa daga malaman Tafsiri sun ambaci cewa ta sauka ne game da wani manzo da aka aika karɓar zakka wurin Banu Musɗaliƙ, ya dawo da labarin cewa sun ƙi bayarwa, alhali ba haka abin yake ba. Abin lura a nan shi ne, labarin da ya kusa jawo yaƙi labari ne game da addinin wasu mutane. Irin wannan labari shi ya fi kowane saurin kama wuta, domin mai yaɗa shi yana jin kamar ibada yake yi.

Wannan birni na Sakkwato yana da misalinsa. A shekarar 2001 Janar Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya yi jawabi da Hausa a wajen wani taron ƙaddamar da littafi a nan. Sai wata jaridar Turanci ta buga cewa ya yi kira ga Musulmi su zaɓi Musulmi kaɗai. Shi kuwa ya musanta, ya ce kiran da ya yi na a zaɓi mutanen kirki ne masu gaskiya. Fada Matthew Hassan Kukah, wanda daga baya ya zama Bishop na Katolika a Sakkwato a 2011, ya tuntuɓe shi da kansa a lokacin, ya kuma rubuta abin da ya ji daga bakinsa. Duk da haka maganar ba ta mutu ba. Ta bi shi zaɓen 2003, da na 2007, da na 2011, har zuwa na 2015 da ya yi nasara, ko da yake a duk takarar da ya yi mataimakinsa Kirista ne, biyu daga cikinsu ma, Tunde Bakare da Yemi Osinbajo, fastoci ne. Wasu sun ƙi shi saboda wannan labari, wasu kuma sun so shi saboda shi, kuma mafi yawan ɓangarorin biyu ba su ji jawabin da kunnensu ba. Ba a kawo wannan don wanke wani ko shafa wa wani kashin kaji ba. An kawo shi ne don a ga yadda jimla ɗaya, da aka ɗauke daga wani harshe zuwa wani, ta yi shekara 14 tana aiki a zukatan miliyoyin mutane. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce magana zarar bunu ce.

Idan haka ta faru a zamanin jarida, wadda ke da edita da adireshi da za a iya kai ƙara, to ina ga yau? Ana yanke faifan bidiyo a cire farkonsa da ƙarshensa. Ana ɗauko hoton shekara goma baya a ce na jiya ne. Kwamfuta ta kai matsayin da za ta kwaikwayi muryar mutum ta sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Saboda haka karin maganar nan ta gani ya kori ji ita ma yanzu tana bukatar a yi mata ƙaidi, domin ganin da aka yi a fuskar waya bai zama shaida ba sai an san wanda ya ɗauka, da ranar da ya ɗauka, da abin da ya gabaci wurin da aka yanke.

ZUCIYA TA ALLAH CE

A ɗauka cewa labarin ya tabbata: lalle an ga ɗan takara ya yi tuntuɓe a karatu, ko an san shi da sakaci da jam'i. Shin wannan ya ba wani damar fitar da shi daga Musulunci? Ƙissar Usamatu ɗan Zaidu (R.A.) ta isa amsa. A fagen yaƙi ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada, bisa zaton cewa tsoron takobi ne ya sa shi furtawa. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi masa faɗa mai tsanani, ya nuna masa cewa bai tsaga zuciyar mutumin ya ga abin da ke ciki ba. Idan ba a yarda da wannan zato a fagen fama ba, inda rai ke hannun Allah, yaya za a yarda da shi a fagen neman kujerar shekara huɗu?

Mutanen Sakkwato sun gaji wannan taka-tsantsan daga Mujaddadi. A zamanin da yake karantarwa a Ɗagel, akwai wasu ɗalibai da suka ɗauki ɗabi'ar titsiye talakawa da tambayoyin ilmin Tauhidi, wanda ya kasa kawo hujja irin tasu sai su ce kafiri ne, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. Shehu ya yi tsayin daka wajen yi musu raddi, ya wallafa littattafai masu yawa a kan haka, kamar yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bayyana a Infaƙul Maisuri. Har malaminsa da yake matuƙar girmamawa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, Shehu ya saɓa masa a kan kafirta mai aikata manyan zunubai, ya tsaya a kan mazhabar Ahlus Sunna cewa saɓo ba ya fitar da mutum daga imani matuƙar bai halatta shi ba. Kafin su, Imamul Gazali ya keɓe littafi guda, Faisalut Tafriƙa, don jan kunne game da gaggawar kafirta masu fuskantar alƙibla.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi 'yan ɗariƙa su kaɗai. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 an sha jifan su da shirka a kan mumbari da cikin kaset, an ce ba a bin su salla, an raba 'ya'ya da iyaye a kan haka. Dattawan da ke wannan taro sun san zafin abin, domin a jikinsu ya faru. Wanda ya ɗanɗani ɗacin a ce masa mushiriki alhali yana tsaye da dare yana ambaton Allah, shi ya fi kowa cancantar ya kame harshensa daga yi wa wani irin wannan, ko da wanin ɗan siyasa ne da ba ya so.

DARASIN ƘABALU DA SADALU

Tarihin wannan yanki ya nuna abin da ke faruwa idan aka mayar da alamar ibada ta zama tutar jam'iyya. Bayan kafa NEPU a Kano a 1950, da kuma zaman NPC jam'iyyar siyasa a 1951, sai aka wayi gari a Lardin Sakkwato mutane da yawa suna kallon Ƙadiriyya a matsayin ɗariƙar masu mulki, suna kallon Tijjaniyya, musamman almajiran Shehu Ibrahim Inyass, a matsayin ta 'yan hamayya. Mas'alar ƙabalu da sadalu, wadda saɓani ne na fiƙihu da malamai suka daɗe da saninsa, ta zama abin da ake gane ɓangaren mutum da shi. Tun a 1949 an rushe wasu masallatan Tijjanawa a Gusau da Ƙauran Namoda bisa umarnin hukuma. A 1956 rikici ya tashi a gabashin lardin, a 1965 kuma wani ya sake ɓarkewa har aka rasa rayuka, ciki har da na 'yan sanda.

Waɗanda suka yi wannan faɗa duk masu salla ne, masu son Annabi, masu wuridi safe da yamma. Jam'iyyun da aka yi dominsu sun shuɗe tun juyin mulkin Janairun 1966, amma tabon ya daɗe bai warke ba. Allah cikin ikonsa ya haɗa kan malaman ɗariƙun biyu daga baya, har ya zama yau suna zama a shimfiɗa ɗaya a Mauludi. Wannan haɗin kai da tsada aka same shi, bai kamata a bar ɗan siyasar da ke neman ƙuri'ar unguwa ɗaya ya kwance shi ba. A zaɓen gwamna ko na ɗan majalisa a Sakkwato, inda manyan 'yan takara duk Musulmi ne, maganar takan sauya kama: wane namu ne, wane na Izala ne, wane yana zuwa zikirin Juma'a, wane ba ya zuwa. Wannan tsohuwar cuta ce ta sake riga.

ABIN DA AKE AUNAWA

To idan an bar wa Allah zuciya, me ya rage wa mai zaɓe? Abin da ya rage yana da yawa. Abu Zarrin Gifari (R.A.) yana cikin sahabban da suka fi kowa gudun duniya da gaskiyar harshe. Amma da ya nemi a ba shi shugabanci, Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shi, ya sanar da shi cewa yana da rauni a wannan fage, kuma mulki amana ce da za ta zama nadama ranar Alƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinta ba. Wannan yana cikin Sahihu Muslim. Babu mai shakkar imanin Abu Zarri, amma imani shi kaɗai bai wadatar ba wajen riƙon jama'a. Aya ta 26 a Suratul Ƙasas ta haɗa siffofi biyu ga wanda ya fi dacewa a ɗauka aiki, ƙarfi da amana. Annabi Yusufu (A.S.) kuma da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, tsarewa da sani ya ambata.

An ruwaito cewa wani mutum ya zo yabon wani a gaban Sayyidina Umar (R.A.), sai ya tambaye shi ko ya taɓa maƙwabtaka da shi, ko ya taɓa tafiya da shi, ko sun taɓa hulɗar kuɗi. Da ya amsa cewa babu ko ɗaya, sai Umar ya nuna masa cewa ganin mutum yana ruku'u da sujada a masallaci bai isa a ce an san shi ba. Wannan mizani ya dace da zaɓe ƙwarai. Wanda ke neman gwamna galibi ya taɓa riƙe ƙaramar hukuma, ko ma'aikata, ko kujerar majalisa, ko kamfani. Can ne maƙwabtakarsa da tafiyarsa da hulɗar kuɗinsa suke. A tambayi malaman firamaren da suka yi aiki a ƙarƙashinsa ko albashi yana zuwa a kan kari. A tambayi 'yan fansho. A je a ga rijiyar burtsatsen da aka ce ya gina, ko tana ba da ruwa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Shugabannin jihadi da wannan ma'auni suka yi aiki. Sarakunan Hausa da Shehu ya yi wa wa'azi da yawansu suna salla suna azumi, suna da limamai a fadojinsu. Amma a Kitabul Farƙi, inda ya bambanta mulkin Musulunci da wanda ba shi ba, abubuwan da ya lissafa ayyuka ne da kowa ke gani: ɗora wa talakawa harajin da shari'a ba ta sani ba, karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara, ƙwace dukiyar mutane a kasuwa, da fifita mai kuɗi a wurin shari'a. A Bayanu Wujubil Hijra, wanda ya kammala a 1806, ya yi gargaɗi cewa zalunci ya fi kafirci saurin rushe mulki. Ƙanensa Shehu Abdullahi na Gwandu, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'ar jihadi, sai ya bar su ya nufi gabas, ya tsaya a Kano, inda ya rubuta Diya'ul Hukkami don koya wa masu mulki iyakokinsu. Bai ce tunda 'yan'uwansa ne a aƙida a kawar da kai ba. Sarkin Musulmi Bello kuma, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya sanya kula da manoma da maƙera da marina da masu magani, da gyaran kasuwanni da hanyoyi, cikin wajiban shugaba.

Idan aka ɗauko wannan ma'auni aka aza a kan halin da ake ciki, sai jiki ya yi sanyi. Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 12 da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci bayan da Zamfara ta fara a 1999, kuma tun daga wannan shekara duk wanda ya mulke ta Musulmi ne. Amma a rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 game da talauci mai fuskoki da yawa, wanda ya haɗa da rashin ilmi da lafiya da ruwan sha, Sakkwato ce ta zo kan gaba a duk Nijeriya, da kimanin kashi 91 cikin 100 na jama'arta. A watan Oktoban 2021 'yan bindiga sun afka wa kasuwar Goronyo suka kashe mutum fiye da 40. Mutanen Sabon Birni da Isa sun san abin da ake nufi da biyan kuɗi kafin a shiga gonar gado. Wannan nauyi ne da ya rataya a wuyan matakan gwamnati duka, da ma jama'ar da ke zaɓe. Matar da ta rasa mijinta a hanyar kasuwa ba ta tambayar ko shugaba yana ƙabalu ko sadalu. Tambayarta ita ce wa zai tsare ran 'ya'yanta.

SHIN ADDININ ƊAN TAKARA BA SHI DA MUHIMMANCI?

Kada a fahimci cewa ana kiran Musulmi ya ajiye addininsa a ƙofar rumfar zaɓe. Yana da cikakken haƙƙi ya tambayi kowane ɗan takara matsayinsa game da 'yancin ibada, da kotunan shari'a, da makarantun allo da na Islamiyya, da aikin Hajji, da suturar 'ya'yansa mata a makaranta. Sai dai waɗannan tambayoyi ne da ake samun amsarsu a cikin abin da mutum ya aikata da abin da ya yi alkawari a bainar jama'a. Hoton Umra ba ya amsa su. Kuma yadda Musulmin Sakkwato yake da wannan haƙƙi, haka Kiristan da ke zaune tare da shi yake da irinsa.

Tarihin zaɓe a Nijeriya ya nuna cewa sunan addini shi kaɗai bai taɓa yanke hukunci ba. A ranar 12 ga Yunin 1993 Alhaji Mashudu Abiola da Babagana Kingibe, dukansu Musulmi, sun sami ƙuri'un Kiristoci masu yawa a kudu, sun kuma yi rinjaye a Kano, jihar abokin takararsu Alhaji Bashir Tofa, yayin da Sakkwato ta bi Tofa wanda mataimakinsa Kirista ne. Bayan shekara 30, a zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, maganar Musulmi da Musulmi ta sake tasowa da Bola Tinubu da Kashim Shettima, aka yi ta muhawara a masallatai da majami'u. Duk da haka a jihar Sakkwato Atiku Abubakar, wanda mataimakinsa Kirista ne, shi ya zo gaba da 'yar tazara kaɗan. Da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tsadar da ta biyo baya ba ta tambayi kowa addininsa ba. Mai yabon matakin da mai kushe shi duk da lissafin tattalin arziki suke kafa hujja, wanda shi ne abin da ya kamata a yi ta tambaya a kai tun kafin zaɓe.

Ƙasar Senegal, wadda 'yan ɗariƙa ke da dangantaka mai ƙarfi da ita, tana da abin lura. Mafi yawan jama'arta Musulmi ne mabiya ɗariƙu, amma shugabanta na farko, Léopold Sédar Senghor, wanda ya yi mulki daga 1960 zuwa 1980, Kirista ne ɗan Katolika, kuma ya sami goyon bayan manyan shehunai irin su Halifan Muridiyya Serigne Fallou Mbacké da Sayyidi Nuru Tall na Tijjaniyya. Ba wai an ce a kwafi abin da suka yi ba, domin kowace ƙasa da yanayinta. Abin nufi shi ne waɗannan bayin Allah sun duba maslahar jama'arsu a lokacinsu, kuma sun san cewa sahabban farko da aka tsananta wa a Makka wurin Najjashi aka tura su, sarkin Habasha da yake Kirista a lokacin, saboda an san ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. A Amurka ma an yi irin wannan: a 1960 an yi ta tsorata masu zaɓe da cewa John Kennedy ɗan Katolika ne, Fafaroma zai riƙa juya shi, a 2008 kuma aka yaɗa cewa Barack Obama Musulmi ne a ɓoye, don a rage masa ƙuri'a. Makamin da ake sara da shi a nan da sunan kishin Musulunci, shi ne ake saran Musulmi da shi a wani wuri.

NAUYIN DA KE KAN MALAMAI DA MUƘADDAMAI

Muridi yana jin maganar shehinsa fiye da ta kowa, kuma 'yan siyasa sun san haka. Shi ya sa motocinsu ke yawaita a ƙofar zawiyoyi idan zaɓe ya matso. Ba laifi ba ne a karɓi baƙo, a yi masa addu'ar shiriya, a gaya masa gaskiya. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan wajiban sarauta, Mujaddadi kuma ya je gaban Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami, ya ƙi karɓar kyautarsa, ya nemi a maimakonta a ba shi 'yancin wa'azi, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Wannan ita ce sunnar magabata a gaban masu mulki. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malamin da ya karɓi mota ko kujerar Hajji don ya shaidi imanin wani a gaban almajiransa, ya sayar da abin da ba nasa ba, kuma ranar da wanda ya shaida ya ci amana, da mutuncin ɗariƙa za a biya bashin.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. Tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, kuma bai sa addini cikin sharuɗɗan tsayawa takara ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana yin kamfe a wuraren ibada, ta kuma hana neman ƙuri'a ko kushe ɗan takara bisa dalilin addini ko ƙabila. An san abin da ya sa: bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa 12, Musulmi da Kirista. Gudun maimaita haka ne ya sa aka kafa Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa gabanin zaɓen 2015, ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar, wanda Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da Bishop Kukah suka zauna a cikinsa. Manya biyu daga birni ɗaya sun nuna hanya, saura mabiya.

KAMMALAWA

Ƙuri'a shaida ce. Mai dangwala yatsa yana shaidawa ne cewa wannan mutum ya fi sauran cancantar riƙe amanar jama'a, kuma shaidar zur tana cikin manyan zunubai, ko an biya ta da taliya da turmin atamfa, ko an biya ta da daɗin baki na addini. Don haka idan saƙo ya shigo wa muridi game da addinin wani ɗan takara, ya fara tambayar daga ina ya fito, wa zai amfana da yaɗuwarsa. In bai sami salsala ba, ya bar shi ya mutu a wayarsa, yana da ladan rufe ƙofar fitina. In ya tabbata, ya duba ko abin ya shafi haƙƙin jama'a ne ko tsakanin bawa da Ubangijinsa ne. Sannan ya binciki tarihin riƙon amanar kowane ɗaya, ya yi shawara da masana, ya yi istihara, ya zaɓi wanda ya rinjaya a zatonsa. Ɗan'uwansa da ya zaɓi wani dabam yana nan ɗan'uwansa, gobe za su zauna a halƙa ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa.

Tasawwufi tun asalinsa gyaran zuciya ne, kuma zuciyar da aka ɗora wa kowa gyarawa ita ce tasa. Wanda ya shagala da binciken imanin 'yan takara har ya manta da gibar da ke fita daga bakinsa, ya yi hasarar abin da ya zo nema wurin shehunai.

Allah ya zaunar da Sakkwato da Nijeriya lafiya. Allah ya kawo ƙarshen zubar da jini a ƙauyuka da hanyoyi, ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu. Allah ya ba al'umma shugabanni masu tsoronsa masu tausayin talakawa, ya tsare malamai daga kwaɗayi, ya tsare almajirai daga yaɗa abin da ba su da sani a kansa. Allah ya jiƙan magabata, ya ƙara wa Mai Alfarma Sarkin Musulmi lafiya da basira, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya maimaita wannan taro cikin aminci, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W.). Amin.